Wushiryar Da Ta Zo Mini Da Girmana

Inna tana da wushirya, ni kuwa Allah bai ba ni ba, kuma tun ina yarinya a Garou abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. Idan ta yi dariya a gidan biki, mata sukan bar abin da suke yi su dube ta. Tsagar da ke tsakanin haƙoranta biyu na sama a buɗe take sarai, ga haƙoran sun sha goro da fure sun yi ja. Ni kuwa nawa a matse suke, ko zare ba ya wucewa. Na sha cusa tsinken tsintsiya a tsakaninsu in yini da shi, wai ko za su ɗan ja da baya. Ranar da Inna ta kama ni, ta zare tsinken ta jefar, ta ce, “Ke, bar wahal da kanki. Abin ga ba a sayen shi kasuwa, Allah ka ba da shi.” Na haƙura a baki, amma ban haƙura a zuci ba.

Na girma, aka yi mini aure a Malanville, na shiga sana'ar albasa. Duk wanda ya san layin 'yan albasa a babbar kasuwa ya san ba wurin mai sanyin baki ba ne. Tun da safe kina faɗa da masu dako, kina faɗa da dillalai, kina faɗa da direban da ya jibge miki buhu a cikin rana. Ni ban taɓa rasa abin cewa ba, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Abin da ke riƙe ni shi ne goro. Da na idar da sallar asuba nake jefa ɓari a baki, kuma bakin ba ya zama wofi sai na rufe rumfa. In na tofar, ja ne, kamar na kowace mace a layin.

Maƙwabciyar rumfata wata Badendiya ce mai sayar da busasshen tattasai. Shekara da shekaru muna tare, kullum cikin tsiya muke, ita ta ce mu mutanen Garou warin kifi muke yi, ni in ce su ba su san tuwo ba sai da muka koya musu. Ita ce ta fara gani. Na haura arba'in a lokacin, 'ya'yana sun tasa. Ina cikin yi wa wani mai dako masifa sai ta kama hannuna.

“Tsaya, 'yar Garou. Buɗe bakin ga in gani.”

“Mi kike nema ciki, tattasanki?”

“Wallahi wushirya ta! Ke, ina kinka samo ta da tsuhwa?”

Na ɗauka tsiyarta ce ta kullum. Na je wurin wani ɗan kabu-kabu da ya tsaya yana jiran kaya, na leƙa madubin babur ɗinsa. Ga ta nan kuwa, siririya, a daidai wurin da ta Inna take. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kashe ni. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar ko mai dakon nan da ya zubar mini da albasa sai da na yi masa dariya, don dai ya gani.

Kafin damina ta wuce, tsagar ta ƙara faɗi. Mata suna ta yi mini barka. Wata ta ce gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata ta ce alamar arziki ce mai zuwa. Maigidana, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya dube ni wata rana ina zuba masa abinci ya ce, “To, ni dai ban biya sadakin mai wushirya ba, kada a zo a ce in ƙaro.” Na ɗauki hotuna a waya har ba iyaka, kuma a cikinsu babu wanda bakina yake rufe. Har yau ban ga laifina ba. A kawo mini mace ɗaya a kwarin nan, daga Gaya har Madécali, wadda za ta wayi gari da wushirya ta tafi neman magani.

Mutum ɗaya ce ba ta yi mini barka ba. Na hau kabu-kabu takanas na tafi Garou don in nuna wa Inna. A lokacin ta tsufa, haƙoranta sun zube tun da daɗewa, ɗaya bayan ɗaya, har ba ta da ko guda. Goronta ma sai ta goga shi a magogi, ɗan gwangwanin nan mai huje-huje, ta zuba garin a tafin hannu ta lasa. Na durƙusa gabanta na wangale baki. Ta kama haɓata, ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sake ni ta ce, “Allah shi sa alheri na.” Daga haka ba ta ƙara ba, ta shiga tambayar jikokinta. Na koma gida da haushi, ina cewa tsufa ya sa ba ta gani sosai.

Azumi ne ya tona asirin. Wata rana da la'asar, ana zafin nan na Malanville da ke sa mutum ya ji kamar a cikin tanda yake, na kuskure baki zan yi alwala, na tofar, sai na ga ja a ƙasa. Da farko ban ma kula ba, na saba gani. Ina wanke hannu sai abin ya faɗo mini: rabona da goro tun sahur. Na sake kuskurewa na tofar a tafin hannuna. Jini ne. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne ko azumina ya karye. Abin da ya biyo baya ya fi nauyi, domin na tambayi kaina tun yaushe jinin nan yake fita yana ɓuya a cikin jan goro.

Na yi abin da kowa yake yi. Na daka bagaruwa na shafa, na kuskure da ruwan gishiri mai ɗumi, na tauna kanumfari har harshena ya mutu. Warin da na fara ji a bakina na ɗora wa azumi, to amma azumi ya wuce warin bai wuce ba. Maƙwabciyata ta ce mugun jini ne yake fita, in bar shi ya fita. Ranar Sallah na ɗauki tsokar nama na sa haƙoran gaba zan yaga, sai na ji ɗaya ya motsa. Ba zafi, motsi ne kawai, kaɗan. Na ajiye naman, na sa yatsa na taɓa, na ji ɗan'uwansa ma yana rawa. Nan take bakin Inna ya zo mini a ido, leɓɓan da suka shige ciki, da magoginta, da yadda take kau da kai in za ta ci abinci a cikin mutane. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ni da bakina nake ci, da shi nake ciniki, da shi nake kare kaina a kasuwa. Ban shirya zama mai magogi ba ina da sauran ƙarfina.

Akwai wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa, aka ce in je wurinsa. Na ce ni riƙe su nake so, ba rabuwa da su ba. Na je asibitin garinmu, wanda ya duba ni ya ce wannan aikin mai haƙori ne, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa kada in yi wasa. Sai na bi wata motar albasa mai zuwa kudu, na sauka Parakou.

Likitar mace ce, 'yar wajen Kandi, ba ta kai ni shekaru ba. Da ta ji Faransancina yana tuntuɓe sai ta juya zuwa Dendi, muka fahimci juna. Ta kwantar da ni a kujera, ta ɗauki wani siririn ƙarfe tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi. Na yi zaton zai tsaya a baki-baki, sai na ji yana nitsewa. Duk inda ta taɓa jini ya biyo. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin, ta kuma sa aka gwada jinina don ta ga ko ina da ciwon suga, aka tarar ba ni da shi. Ta tambaya ko ina shan taba ko ina sa ta a baki, na ce Allah ya kiyaye. Sannan ta nuna tsagar da bakin ƙarfenta.

“Wannan da ita aka haife ki?”

Na ce a'a, kwanan nan Allah ya ba ni, kuma na faɗa da alfahari.

Ta ce, “Hajiya, ba wushirya ba ce. Haƙoran ne suke barin wurinsu, saboda ƙashin da ke riƙe da su ya ragu.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tashi zaune da tsumman da ta ɗaura mini a wuya na ce mata uwata tana da irinta, duk Garou an sani, kuma ni ban zo Parakou don a zage ni ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ɗaga hoton a gaban fitila, ta nuna mini inda ƙashi ya kamata ya tsaya, da inda ya koma. Gani ya kori ji. Ko ni da ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba na ga saiwoyin haƙoran nan biyu a tsaye kusan rabinsu babu abin da ya rufe su.

Na tambaye ta wace irin tsutsa ce take cin ƙashi haka. Ta ce ba tsutsa ba ce, kuma abin da zai ba ni mamaki shi ne yawancin ɓarnar jikina ne ya yi ta da kansa. Ta yi mini bayani a hankali. Datti yana taruwa a gindin haƙori, ƙarƙashin dasashi, inda asawaki ba ya kaiwa, ya daskare ya yi tauri, ƙwayoyin cuta su zauna a kansa. Naman wurin da ya ji su sai ya saki wasu 'yan ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu kai saƙo ne. Ta faɗi sunansu da Faransanci, sitokin, ni dai 'yan aike na riƙe. Su ne suke sa hanyoyin jini su buɗe, dasashi ya kumbura ya yi ja, su kira masu tsaron jiki su zo su yi yaƙi. Ta ce wannan abu ne mai kyau, da babu shi da ƙaramin rauni ma ya kashe mutum, kuma akwai wasu 'yan aiken da aikinsu shi ne su ce ya isa, kowa ya koma. To amma idan dattin yana nan daram shekara da shekaru, kiran ba ya yankewa. Masu zuwa suna ta zuwa, suna yaƙi a wuri ɗaya, suna lalata naman da ke riƙe da haƙori. Har cikin saƙonnin akwai wanda yake tayar da masu cin ƙashi, su yi ta ci ba mai ce musu su tsaya.

Tana magana ina tuna wata ranar kasuwa da wani ya zari jakar wata mata a layinmu. Aka yi ihun ɓarawo. Kafin ka ce me, mutane sun ɓarko ta ko'ina da sanduna, masu dako, 'yan kabu-kabu, har da waɗanda ba su san abin da aka sata ba. Ɓarawon ya shige tsakanin buhuna, su kuma suka bi ta kan kayanmu. Da ƙura ta lafa, albasata ta zama miya, rumfar maƙwabciyata ta faɗi, kuma duk waɗanda suka yi mana wannan aiki taimako suka zo yi. Na ba likitar labarin. Ta yi dariya ta ce haka ne, sai dai a bakina ihun bai tsaya ba tun shekaru, domin ɓarawon yana nan a ɓoye.

Sai ta ƙara wata magana. Ta ce mutane ba ɗaya suke ba. Wani bakinsa ya fi nawa datti amma ƙashinsa lafiya lau, domin jikinsa ba ya cika kururuwa. Wani kuwa abu kaɗan ne jikinsa zai tara jama'a, kuma wannan halin yakan bi gida. Na ce in dai kururuwa ce, ba a bakina kaɗai take ba, ta tambayi layin 'yan albasa. Ta murmusa, sannan ta ce, “Mahaifiyar taki mai wushirya, haƙoranta nawa suka rage?”

Magogin Inna ya faɗo mini a rai. Na koma na kwanta na buɗe baki.

Aikin ba daɗi. Ta yi mini allura a dasashi, ta shiga ƙarƙashinsa tana kankare dattin da wani ƙarfe mai ƙara da feshin ruwa, kuma ba a zama ɗaya aka gama ba, sai da na yi ta zarya tsakanin Malanville da Parakou. Abin da ta ciro ta nuna mini, baƙi ƙirin, mai tauri kamar tsakuwa. Ta gaya mini ƙashin da ya tafi ba zai dawo ba, amma wanda ya rage za a iya tsare shi idan aka daina ba jiki dalilin yin ihu. Ba ta hana ni asawaki ba, ta dai gyara mini yadda nake riƙe shi, ta haɗa ni da buroshi mai laushi da wani ɗan ƙarami mai shiga tsakanin haƙora. Ta ce in bar yagar abu mai tauri da haƙoran gaba sai ta ba ni izini, goro ma in rage, in yanka shi da wuƙa in tauna ta gefe. Ni da ba na son a ba ni umarni, na bi nata kamar karatun sallah.

Jinin ya fara raguwa, daga baya ya ɗauke. Warin ya tafi. Dasashin da ya kumbura ya saɓe, ya koma ya kama jikinsa, haƙoran suka ɗan yi tsawo a ido. Rawar da suke yi ta ragu har sai na matsa da ƙarfi nake jin ta. Sai kuma abin da likitar ta ce yana iya faruwa ya faru: da kumburin ya sauka, haƙoran nan biyu suka fara komawa kusa da juna da kansu. Tsagar ta tsuke, ta zama ba ta fi a zura zare ba.

A kasuwa kuwa sai aka shiga yi mini jaje. Maƙwabciyata ta tafa hannu ta ce, “Wayyo, 'yar Garou! Baki na anka yi miki. Na hwaɗa miki ki bar nuna ma kowa, ba ki ji ba.” Na ce mata bakin da ya kama ni nawa ne, ba na kowa ba, kuma in tana da hankali ta tofar da yawunta da safe kafin ta ci goro ta duba launinsa. Ta ce ita lafiyarta lau. Bayan kwana biyu ta zo tana tambayata a hankali wace mota ce take tashi Parakou da wuri. Maigidana shi ma ya ce tunda wushiryar ta koma, maganar ƙarin sadaki ta mutu ke nan.

Ranar da likitar ta girgiza haƙoran da yatsa ta ce sun zauna, in ci abin da nake so amma da hankali, ban zarce kasuwa ba. Washegari na sayi farin goro manya na tafi Garou. Na tarar da Inna a inuwar darbejiya tana tsince shinkafa, magoginta a gefen tabarma. Bayan mun gaisa na tambaye ta abin da na daɗe ina riƙe da shi.

“Inna, wushiryar taki, da ita anka haihe ki?”

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, “A'a. Sai da niy yaye ki tat taho. Kowa shina yi min barka, ni ma ina murna. Tana ƙara buɗewa, ana ƙara yabo, har ranar da na hwarko yaf hwaɗi cikin tuwo.”

“To don mi ba ki hwaɗa min ba, ranar da niz zo nuna miki?”

“In ce miki mi? Na ga kina murna, kuma ban san da magani ba. Cewa niy yi abin gidanmu na, ya iske ki.” Ta miƙa hannu ƙarƙashin tabarma ta jawo wani ƙullin tsumma, ta kwance. Sabon magogi ne, ko tsatsa bai yi ba. “Tun ranar nis sa anka yi miki shi wurin maƙeri. Ina jira ki buƙata.”

Hawaye ya zubo mini, ban tare shi ba. Tausayinta ya kama ni, na tuna ta a da, matar nan mai dariya a gidan biki wadda na yi ƙuruciyata ina kishi, ashe haƙoranta ne suke tafiya muna tafa mata. Na matsa kusa na buɗe baki. Ta kama haɓata kamar wancan karon, ta juya ni wajen haske, ta sa babban yatsanta ta tura haƙoran gaba ɗaya bayan ɗaya. Ba su motsa ba. Ta sake turawa da ƙarfi, har sai da na ce mata ta yi a hankali, kada ta cire mini su da kanta.

Ta zaɓi goro mafi girma cikin waɗanda na kawo, ta goge shi da gefen zanenta, ta miƙo mini.

“Ciza in ji. Na daɗe ban ji ƙarar ga ba cikin kaina.”

Na sa shi a haƙoran gaba na ciza. Ya yi ƙas, ya rabu biyu. Inna ta rufe ido ta ce in ƙara, na ƙara. Sannan na ɗauki sabon magogin na goga mata ɗaya ɓarin, na zuba mata garin a tafin hannu. Ta lasa, ta ce wannan ya fi tsohon nata kaifi, in bar mata shi tunda ni ba ni da abin yi da shi.